Shekarar Gola

Filin ƙwallonmu yana cikin fadama, a bayan unguwarmu da ke gefen Haɗejiya, kuma rabin shekara na kogi ne. Da zarar damina ta kankama sai ruwa ya hawo ya shafe shi, har masunta su riƙa wucewa da kwalekwale ta inda muke buga kwana. Idan ruwan ya janye, laka ta bushe, sai mu fito da adda da fartanya mu sake karɓar abinmu. Kogi ne ke buɗe mana kakar wasa, shi ne kuma ke rufe ta.

Tun kafin in fara wasa na tarar da wata al'ada a ƙungiyar, wadda muke cewa kiran shekaru. Ranar buɗe fili, kafin kowa ya taɓa ƙwallo, ana taruwa a tsakiya, sai dattijon da ya fi kowa daɗewa a cikinmu ya jero shekarun wasan da suka wuce. Kowace kaka tana da ɗan wasan da ya mallake ta, kuma da shi ake kiranta. Idan mai shekarar yana raye sai a yi masa tafi, a ɗan tsokane shi. Idan ya rasu sai a haɗa baki a ce Allah ya jiƙansa, sannan a wuce ta gaba.

Akwai shekarar dogon Babarbare, wanda iyayensa suka zo daga wajen Tafkin Chadi. Da kai yake cin ƙwallo, kuma kafin ya yi tsalle yakan faɗa wa golan abokan wasa kusurwar da zai jefa ta, amma da Barbarci, don kada a ce bai yi gargaɗi ba. Akwai shekarar tela, ɗan ƙaramin mutum da ban taɓa ganin ya ci ƙwallo ba, amma duk wadda aka ci a kakar daga ƙafarsa ta fito. Akwai shekarar mai hagu, abokina tun na yarinta, masunci ɗan masunci, wanda ya ƙi takalmi har ya bar wasa. 'Yan baya sukan ce ƙarnin kifi ne ke hana su matsarsa, shi kuwa ya ce su ci gaba da faɗa wa kansu haka. A lokacin, da za a tambaye ni wanda na fi so a duk waɗanda na gani, shi zan ce. Ni ɗan baya ne. Ban taɓa samun shekara ba, kuma ban cancanta ba.

Sai ga ƙanena ya taso. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ne auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ɗauka ni na haife shi. Lokacin da ya zama golan ƙungiyar gwiwata ta riga ta sallame ni, na koma gonar shinkafa, ina kallo daga gefe.

Raga biyu ce a filin, ta gari da ta kogi. Dukkansu da azara ake kafa su, a rataya musu tsohon taru na masunta ranar wasa, a cire shi da yamma. Ragar gari tana kan ƙasa mai tauri, kowa ma yana iya kafa ta. Ragar kogi kuwa tana inda ƙasa ke da taushi, kuma dokarmu ita ce gola kaɗai ke kafa ta idan ruwa ya janye, shi kaɗai kuma ke cire ta idan ruwa zai dawo. 'Yan wasa su kai masa azarar har bakin wurin, su koma su bar shi. Dalilin da na ji manya na bayarwa shi ne, wanda zai zauna a ƙarƙashin abu shi ya kamata ya san yadda aka kafa shi.

Duk shekara ina ganin ƙanena daga nesa yana wannan aiki. Zai haƙa ramin da dagi, ya durƙusa ya ba mu baya, ya ciro wani ƙunshi daga cikin rigarsa, ya kwance, ya sa hannu cikin ramin har kafaɗa. Sai ya daɗe a haka kafin ya miƙe ya tsayar da azarar. Wata rana muna komawa gida na tambaye shi me yake binnewa. Ya dube ni yana dariya.

"Yaya, kai da ba ka da shekara, ina ruwanka da sirrin masu sana'a?"

Na kai masa duka a ƙeya, ya goce, muka shiga gida muna dariya. Iyakar tambayar da na taɓa yi masa ke nan.

Kakarsa ta ƙarshe ita ce wadda nake son rubutawa. An ci shi ƙwallaye a kakar, ba zan ƙara masa abin da bai yi ba. Amma duk wadda ta shiga, a ragar gari ta shiga. Idan aka juya bayan hutun rabin lokaci ya koma ragar kogi, to an rufe. Yana da wata ɗabi'a: da zarar ya isa raga zai tsaya a tsakiyarta, ya ja layi da dundunyarsa zuwa gaba, don ya san inda yake ba sai ya waiwaya ba. Daga nan sai ya yi shiru. A ragar gari yana surutu, yana yi wa 'yan bayansa faɗa, yana tsokanar 'yan kallo. A ragar kogi ba ya cewa uffan. Na sha ganin ya riga ƙwallo isa inda za ta, ya tsaya yana jiranta kamar an aiko masa da saƙo. Ya taɓa ce mini ƙasar wurin tana kashe wa ƙwallo gudu, kuma ya san kowane kwari da tudu da ke gabanta, tun da shi ke share ta. Na yarda da wannan a lokacin.

Wasan da aka fi tunawa shi ne wanda muka yi da wata ƙungiya daga wajen Malam Madori. Suna da ɗan gaba mai ƙarfin ƙafa, wanda aka ce ya taɓa karya wa wani gola yatsa. Dab da tashi alƙalin wasa ya ba su fenareti a ragar kogi. Mutumin ya buga da duk ƙarfinsa. Ƙanena bai faɗi ba, taku ɗaya ya yi, ƙwallon ta zauna a ƙirjinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ji ƙarar haɗuwarsu ba. Wataƙila ihun mutane ne ya danne ta.

Magoya bayansu suka shigo fili suna cewa sai an tona gindin azarar, akwai abin da aka binne. Namu suka tare su. Ƙanena kuwa ya je ya zauna a ƙasa, ya jingina da azarar, ya miƙe ƙafafu yana murmushi, ya ce duk mai son tonawa ya fara da ɗaga shi. Mun yi ta ba da wannan labari muna dariya har ƙarshen kaka. Kowa ya san da wa za a kira shekarar.

Ruwan ya zo da wuri a daminar. Kogi ya fara cika tun kafin a yi maganar cire raga. Wata safiya ƙanena ya shiga kwalekwale da wasu manoma za su tsallaka wajen Auyo ɗauko irin shinkafa. A tsakiyar ruwa jirgin ya kife. Duk wanda ke ciki ya fita, har da wani tsoho da bai iya iyo ba, wanda ya ce ƙanena ne ya tura shi zuwa ga wani reshe. Ƙanena kaɗai ne bai fito ba, shi da ya fi su duka sanin ruwa. An same shi a ƙasa can, ciyawar kacalla ta riƙe shi. Ni na yi masa wanka. Babu rauni a jikinsa ko ɗaya.

Ragar gari an cire ta bayan an share makoki. Ta kogi kuwa babu wanda ya taɓa. Da farko an ce doka ce, gola ne ke cirewa, kuma ba a naɗa wani ba tukuna. Kafin a gama wannan shawara ruwa ya shigo fili. Daga baya na gane ba doka ce kaɗai ta riƙe hannun mutane ba.

Maganar ta fara zuwa mini a gutsure. A wajen mai shayi, ina isowa sai a canja zance. Wani ya yi mini ta'aziyya ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya kuma ja ƙarshen maganar fiye da yadda aka saba. A ƙarshe wani ɗan uwanmu ya faɗa mini kai tsaye. Ana cewa ƙanena ya ƙulla wani abu da mutanen ruwa. Ƙunshin da yake binnewa nasu ne. Su suka tsare masa ragar kogi duk kakar, da lokaci ya yi kuma suka karɓi abinsu. Waɗanda suka yi dariya ranar fenareti su ne yanzu ke tuna yadda ya zauna ya jingina da azarar, suna cewa mai gaskiya da ya bari an tona.

Na je wajen limamin unguwarmu. Ya ce mini zato zunubi ne, wanda ruwa ya ci kuma ana kyautata masa zato, in yi ta yi masa addu'a. Na yi ƙoƙari. Amma duk lokacin da na ɗaga hannu na ambace shi, sai in ga bayansa, a durƙushe, hannunsa cikin rami har kafaɗa. Sai addu'ar ta ƙi wucewa. Abin da nake so in sani bai wuce ɗaya ba: shin da Allah kaɗai ya dogara har ya mutu, kuma shin hannunsa ne ya kama ƙwallayen nan?

Wadda ta fi kowa saninsa ita ce mahaifiyarmu, Iya. Amma ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama mu yi hira, idan tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa matata ko ta faɗa wa iska alhali ina tsaye. Da autan take sakewa, shi ke zama a bakin tabarmarta yana cin ƙanzo yana ba ta labarin wasa. Bayan rasuwarsa nakan shiga in gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri, in fito. Ban san ta inda zan fara irin wannan tambaya ba, kuma ina tsoron kada ya zama ni ne na kai mata maganar da ba ta ji ba.

Da ruwa ya kai maƙura, na roƙi mai hagu ya kai ni filin a kwalekwalensa. Ya dube ni ya ce me zan gani a can ban da ruwa, amma ya kwance jirgin. Da rana tsaka muka tafi. Babu iska. Duk fadamar ta zama shimfiɗa guda, kawunan itatuwa ne kawai ke nuna inda hanya take. Sai ga ragar can tsaye ita kaɗai, ruwa ya kai mata kusan wuya, itacen sama da ɗan abin da ya rage na azara biyu suna kallonmu. Belbelu sun cika wata bishiya a kusa, amma ko ɗaya bai sauka a kanta ba.

Mai hagu ya kafa sandar tuƙi, muka tsaya daidai inda ake buga fenareti. Ya ce tun da ruwa ya hawo masunta ke kewaye wurin, ba mai jefa taru a nan. Ya faɗi haka yana dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

Muna nan sai ga wata gora ta taho, irin wadda masunta ke dafawa su yi iyo, ta kuɓuce wa wani daga sama. Ruwa na tafe da ita a hankali, tana juyawa, ta wuce ta gefen jirginmu ta nufi tsakiyar ragar sak. Muka bi ta da ido. Da ta isa tsakanin azara biyun sai ta tsaya. Ganye da karmami suna wucewa ta gefenta suna shigewa, ita tana nan. Ta ɗan jima haka, sannan ta dawo baya kaɗan, ta karkata, ta bi ta wajen azarar dama ta tafi abinta.

"Ruwa na juyawa a wurin," in ji mai hagu. "Azara ce ke raba shi."

Na ce haka ne.

"Ko da yake," ya ce yana zare sandar, "ko ni na buga wannan, da ya kama."

Ya juya jirgin muka nufi tudu.

Da rani ya shigo, ƙungiyar ba ta koma fadama ba. Aka ce kacalla ta cinye filin, aikin ya yi yawa, aka roƙi aron wani fili a cikin gari. A can aka yi kiran shekaru. Na je na tsaya a baya. Dattijon ya jero su kamar kullum, dogon Babarbare, tela, mai hagu, da sauransu, ana tafi ana addu'a. Da ya iso kakar da ta wuce sai ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce to, a fara wasa. Babu wanda ya ce masa ya manta wani abu. Na juyo gida tun kafin a busa usur.

Na bari sai da ƙasa ta bushe sosai ta tsattsage. Wata safiya na ɗauki dagi na biya wa mai hagu. Da ya ga dagin sai ya ɗauko addarsa.

Gaskiya ne kacalla ta cinye filin. Ta fi mu tsawo, sai da muka sara hanya. Amma da muka fito gaban ragar kogi sai muka tarar da fili fetal, daidai faɗin inda gola ke kaiwa da komowa, babu ko tsiro. Na gaya wa kaina ƙafarsa ce ta daddaɓe ƙasar shekara da shekaru har ta ƙi ciyawa. Abin da ban samo wa dalili ba shi ne layin. Daga tsakiyar raga zuwa gaba, ga shi nan a kan busasshiyar laka, miƙaƙƙe, faɗin dunduniya. Ruwa ya kwana a kan wurin nan damina guda, ya ajiye sabuwar laka a kan komai. Mai hagu ya ce wataƙila tsagewar ƙasa ce. Sauran tsagar duk a karkace suke. Muka kewaye shi, babu wanda ya taka.

Na yi bisimilla na fara da azarar hagu. Ƙasar sama kamar dutse, ta ƙasa kuma da sauran danshi, tana warin kogi. Da muka kai gindi muka girgiza azarar muka zare ta, muka kwantar. Na durƙusa. Sai da na sa hannu cikin ramin har kafaɗa na tuna haka nake ganinsa. Yatsuna suka taɓa wani abu mai santsi da kaifi a gefe. Na ciro.

Tsingaro ne, gutsuren fasasshiyar tukunya. Na sake sa hannu na ciro wani, da wani. An jera su ne a kwance, wani kan wani, an daddanna. Na ƙasa sun yi baƙi sun rududduge, na shekarun baya ke nan. Na sama ja ne, kuma a bakin ɗaya akwai zanen da maginiya ta yi da babban yatsa. Na san zanen. Randar ɗakin Iya ce, wadda muka sha ruwa a cikinta tun muna yara. Na tona har na kai ƙasa tsantsa. Babu laya, babu ƙaho, babu ƙashi, babu ko zare.

Mai hagu ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Shegen yaro. Da fasasshiyar randa ya hana mutanen Malam Madori barci." Sai ya juya baya yana share fuska da hularsa.

Muka koma azarar dama. Nan ma tsingaro ne, jere iri ɗaya. Ina cikin kwashe na ƙarshe, bakin dagin ya ɓantare gefen ramin, sai wani abu ya yi gurnani daga cikin ƙasa. Sautin gajere ne, kamar mutum ya yi gyaran murya a ɗaki na kusa. Na saki dagin. Mai hagu ya riƙe mini hannu, muka tsaya. Sautin ya sake fitowa.

Ya durƙusa ya share wurin da yatsa a hankali. Gaiwa ce, kifin nan da ke shigewa laka idan ruwa ya janye, ya naɗe kansa ya kwana rani guda yana jiran damina. Babba ce, a naɗe cikin jakarta, dab da gindin azarar. Ta wurin da dagin ya yage muka ga ido ɗaya, a buɗe.

Na san mai hagu tun muna yara. Ban taɓa ganin ya ga gaiwa ya bar ta ba, yakan yi tafiya mai nisa da rani don haƙo irinta. Ranar sai ya kwaɓa laka da ruwan gorarmu, ya liƙe inda ya yage, ya mayar da ƙasa a hankali, ya soka karan kacalla ya zare don ta sami hanyar numfashi. Da ya gama ya goge hannu a wandonsa.

"Fadama ce, ko'ina ka haƙa kana iya samunta," ya ce.

Na ce na sani.

"Amma in an tambaye ni, ni tsingaro na gani."

Muka ɗauki azarar a kafaɗa muka fito da su tudu, aikin da ya kamata a yi tun kafin damina. Ban faɗa wa kowa zancen gaiwar ba sai yau da nake rubutawa. Kifi ne. Na ci irinsa ba adadi.

Da la'asar na shiga wajen Iya. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, matata na gefe tana wanke-wanke. Na gaishe ta, na ajiye tsingaron mai zane a bakin tabarmarta, na koma na tsaya daga nesa. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauka ta goge lakar da gefen zaninta, ta fara magana tana fuskantar matata.

Ta ce duk shekara idan ruwa ya janye yakan zo ya dame ta da neman fasassun tukwane. Ya ce mata ƙasar wurin taushi gare ta, azara nutsewa take yi a hankali, itacen sama ya sauko, raga ta ƙanƙance, kuma ba ya son ranar da wani zai auna ya ce da ƙaramar raga ya yi suna. A shekarar ƙarshe ba ta da fasasshe, sai ya zauna yana kallon randarta yana cewa ai ta fara tsagewa. Ta ce ƙarya yake yi, ya nuna mata wani layi da ko tururuwa ba za ta bi ba. Ta ba shi. Ya roƙe ta kada ta faɗa, wai abokansa za su sa masa suna mai tukwanen tsohuwa, kuma tsoron da baƙi ke yi wa ƙunshin yana yi masa daɗi.

Matata ta tambaye ta a hankali ko ta ji abin da ake faɗa a gari. Iya ta ce tun ranar sadaka ta ji, mata ba sa iya rage murya.

"Wa ya tambaye ni?" ta ce.

Ta mayar da tsingaron kan tabarma, ta jawo faifanta. Ina shirin fita sai na ji ta ƙara, har yanzu ba ni take kallo ba.

"A ce wa mutumin nan ya je ya wanke hannu. Har sai da aka tona."

Na fita na wanke. A sallar magariba na ɗaga hannu na ambace shi, bayansa ya zo mini kamar kullum, a durƙushe a bakin rami, amma addu'ar ta wuce.

Na kai sauran tsingaron wajen mai shayi na zube a kan benci, na faɗi abin da Iya ta ce. Wasu sun sunkuyar da kai. Wani ya ce ai su ma mutanen ruwa wa ya san abin da suke nema. Mai hagu ne ya ce masa idan haka ne ya je ya fasa randar uwarsa mu ga ko zai kama fenareti.

Bayan damina ta gaba ƙungiyar ta koma fadama. An sare kacalla, an naɗa sabon gola, na ba shi tsingaro a buhu, a fili, kowa na gani. Ranar buɗe fili aka taru a tsakiya. Dattijon ya jero shekaru har ya iso inda ya tsaya bara, ya sake yin shiru. Ya ɗaga kai ya neme ni a cikin mutane, sannan ya ce, "Shekarar gola."

Amsar ba ta fito gaba ɗaya ba. Mai hagu ne ya fara, da ƙarfi, sauran suka biyo baya. Allah ya jiƙansa.

Da aka watse za a fara wasa, sabon golan ya nufi ragar kogi. Na ga ya tsaya a tsakiya ya ɗaga dunduniya zai ja layi, sai ya dubi ƙasa, ya mayar da ƙafarsa. Ban je na duba ba. Na zauna a inda na saba zama, aka busa usur.